Mutumin da ba ka so, ba ka kuma ƙi

A daren wata Laraba cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake kaiwa inda ko da tsakar dare mutum ya jingina da bango sai ya ji shi kamar murhun da aka sauke wa tukunya yanzu, na daka wa wata tsohuwa tsawa a ɗakin yara na asibitin da nake aiki. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma a lokacin na shekara goma sha huɗu ina wannan aiki. Tsohuwar tana cikin mutanen gabashin jihar nan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, ta zo goye da jikanta wanda amai da gudawa suka zuƙe har idanunsa suka faɗa ciki. Na sami jijiya da ƙyar, na ɗaura masa ƙarin ruwa, na wuce gado na gaba. Duk sanda na gifta ta gabanta sai ta miƙe ta tambaye ni ko ruwan yana tafiya, ko yaron zai tashi, ko akwai abin da za ta yi. A karo na biyar ko na shida na juyo na ce mata ta zauna ta ƙyale ni in yi aikina, da muryar da ta sa sauran masu jinya suka ɗaga kai. Ta koma kan tabarmarta, ta ce a hankali: "Yi hanƙuri ɗana, shi ɗai yar rage mani."

Yaron ya warke, an sallame su bayan kwana uku, kuma idan aka duba takardunsa babu inda za a ce na yi sakaci. Tsawar kanta ba ta dame ni sosai ba, domin duk wanda ya taɓa kwana shi kaɗai da gadaje cike da yara ya san yadda harshe yake suɓucewa. Abin da ya tsorata ni shi ne yadda maganarta ta shiga kunnena ta fita ba ta taɓa komai a cikina ba. Da safe ina kan babur zuwa gida Mabera na yi ƙoƙarin tuna fuskarta na kasa. Na tuna lambar gadon, na tuna girman allurar da na sa wa yaron, na tuna ledar ruwa nawa ya sha, amma matar da ta shaida mini cewa duk zuriyarta ta ƙare sai wannan yaro ta ɓace mini ƙurmus.

A kwanakin da suka biyo baya ne wani abokin karatuna ya riƙa faɗo mini a rai. Lokacin da nake ƙaro ilimi a Indiya mun yi ɗaki ɗaya da wani ɗan Siri Lanka mai bin addinin Budda, mutum mai kawaici, wanda in ya ga na shimfiɗa darduma yakan rage muryar rediyonsa ba sai na roƙa ba. Kowane dare kafin ya kwanta yakan naɗe ƙafa a kan gadonsa, ya lumshe ido, ya yi shiru kamar minti ashirin. Na ɗauka sallarsa ce, saboda haka na daɗe ban tanka ba. Ranar da na tambaye shi ya ce mini yana yi wa mutane fatan alheri ne a zuciyarsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a daren nan mai shayin bakin ƙofar makaranta ne a gabansa. Na yi dariya na ce, to me mai shayi ya yi maka? Ya ce bai yi masa komai ba, alheri ko sharri, kuma dalilin zaɓensa ke nan. A lokacin na ɗauki amsar a matsayin irin maganar mutanen da ba su da aikin yi. Sai da na shekara da shekaru, na kasa tuna fuskar wata tsohuwa, sannan na koma na nemi sanin abin da yake nufi.

Abin da muke kira zuzzurfan tunani, a harshen Pali wanda aka adana tsofaffin koyarwar Budda da shi, sunansa bawana, kuma ma'anar kalmar ta fi kusa da raino ko raya abu har ya girma. Daga nan ma mutum zai gane inda suka dosa, wato a wurinsu hali abu ne da ake nomawa, a yi masa shuka da ban ruwa da cire ciyawa. Budda, wanda aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nefal ta yau kusan shekaru 2,500 da suka wuce, ya koyar da halaye huɗu da ake rainon zuciya da su. Akwai metta, wato fatan alheri ga kowa. Akwai karuna, tausayin mai shan wahala tare da son ya fita daga cikinta. Akwai mudita, jin daɗin samun da wani ya yi, wanda shi ne kishiyar hassada. Sai upekka, daidaiton zuciyar da ba ta rinjaya don so ko don ƙi. A cikin wata gajeriyar waƙar metta da mabiyansa suke haddacewa tun suna yara, an ce kamar yadda uwa take kare ɗanta tilo da ranta, haka mutum zai raini zuciyar da ba ta da iyaka ga dukkan masu rai. Da na karanta wannan wuri sai na ajiye wayar na daɗe ban ɗauka ba, domin uwa mai ɗa tilo ce na ce wa ta zauna ta ƙyale ni.

Wanda ya tsara yadda ake yin aikin daki-daki shi ne wani malami mai suna Buddagosa, wanda ya zauna a birnin Anuradapura na Siri Lanka a ƙarni na 5, ya rubuta littafin Wisuddimagga, ma'ana hanyar tsarkaka. A babi na tara ya ce mai koyo ya sami wurin da ba hayaniya, ya zauna yadda jikinsa zai sake, ya fara da tuna illar ƙiyayya da amfanin haƙuri. Daga nan ya soma da kansa, yana maimaita fatan ya zauna lafiya, ya rabu da wahala da gaba da damuwa, domin ya mai da kansa shaida cewa yadda yake gudun ciwo haka kowa yake gudunsa. Sai ya kawo malaminsa ko wanda ya yi masa alheri yake kuma ganin girmansa, sai amini, sai mutumin da babu komai tsakaninsu, sannan a ƙarshe abokin gaba. Ba a tsallake mataki sai zuciya ta yi laushi a kan na baya. Malamin ya san halin ɗan Adam ƙwarai, don ya hana mai koyo ya ɗora wannan tunani a kan wanda sha'awa za ta iya shiga tsakaninsu, har ya kawo labarin wani da aka ce masa ya fara da wanda ya fi so, shi kuwa ya zaɓi matarsa, ya kwana yana kokawa da bango. Na yi dariya da na karanta, domin ashe tun wancan zamani akwai masu ɗaukar karatu ta inda ya fi musu daɗi.

Mataki na huɗu, na mutumin da babu komai tsakaninku, shi ne ya riƙe ni, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Mu a nan an tarbiyyantar da mu a kan haƙƙin iyaye, da na zumunci, da na maƙwabci, an kuma yi mana wa'azi mai yawa a kan yafe wa wanda ya cuce mu. Masoyi da maƙiyi duk suna da gurbi a zukatanmu, ko ba komai muna tuna fuskokinsu. Amma yawancin mutanen da muke haɗuwa da su daga safiya zuwa dare ba sa cikin kowane ɓangare. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Gawon Nama ina kallon ƙeyarsa minti goma sha biyar, ɗan ga-ruwan da yake juye jarka a randarmu, mai facin bakin titi, almajirin da yake tsaye da roba a ƙofar gida bayan magariba, matar da take goge daɓen ɗakin yara tun kafin in fara aiki a can, duk na san amfaninsu, ban san su ba. Harshenmu ma yana taimaka mana wajen wannan, domin muna kiran mutum da abin da yake ɗauke da shi: mai ruwa, mai shayi, mai gadi, mai shara. A asibiti abin ya fi muni, inda za ka ji muna cewa gado na shida ya ci abinci, ko mai gudawar nan ta samu sauƙi. Muna da doguwar gaisuwa wadda baƙi suke yaba mana, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, amma sau nawa mutum yake jiran amsar? Lafiya lau ɗin tana fitowa tun tambayar ba ta ƙare ba, kowa ya kama gabansa.

Tsohuwar nan ba maƙiyiyata ba ce, da ta kasance haka da na tuna ta. Ta faɗa ne cikin wannan babban taro na waɗanda ido yake ratsawa ya wuce kamar labule mai shara-shara. Abin da mai koyon metta yake yi shi ne ya ciro mutum guda daga cikin taron, ya zaunar da shi a gabansa na 'yan mintoci, ya tuna cewa wannan ma yana da uwa, yana da bashi, yana da abin da yake hana shi barci, sannan ya yi masa fatan abin da yake yi wa kansa. Na fara da matar da take mana shara. Daren farko na gano cewa ban san ko tana da 'ya'ya ba, ban san unguwarsu ba, kuma sunan da muke kiranta da shi, Inna, suna ne da muke kiran duk wata dattijuwa da ba mu damu mu san sunanta ba. Bayan kamar mako biyu ina kawo ta a raina kowane dare, sai na tsinci kaina na lura cewa tana jan ƙafar hagu idan ta ɗauko bokiti. Na tambaye ta, ta ce ai ta fi shekara a haka. Shekara guda tana ɗingishi a gaban ma'aikatan lafiya fiye da goma, babu wanda ya gani, har da ni.

Akwai wani bambanci da littafin ya yi wanda na ga ya shafi duk mai aikin asibiti kai tsaye. Buddagosa ya ce kowane ɗaya daga halayen nan huɗu yana da maƙiyi na nesa da maƙiyi na kusa. Na nesa a fili yake, maƙiyin tausayi na nesa shi ne mugunta, kowa ya san wannan. Na kusa kuwa shi ne wanda yake kama da halin har ya saje da shi, kuma ga tausayi wannan maƙiyi shi ne baƙin ciki, wato mutum ya ga mai wahala ya nutse cikin nasa ɓacin ran har ya manta da wanda ya jawo shi. Da na waiwaya sai na ga tarihin aikina a cikin wannan jimla. Shekarun farko duk yaron da ya rasu a hannuna sai in koma gida in kasa cin tuwo, ina kuma ganin wannan shi ne alamar ina da imani. Zuciya ba ta iya ɗaukar irin wannan nauyi shekara da shekaru, saboda haka sai ta nemi mafita, ta yi kanta kamar tafin ƙafar manomi. Bushewar da na gani a daren Laraba 'yar wancan kukan ce na shekarun farko.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun tarar da abu mai kama da wannan. Wata masaniya Bajamushiya, Tania Singer, ta yi aiki da Matthieu Ricard, Bafaranshen da ya yi digirin digirgir a kimiyyar ƙwayoyin halitta kafin ya zama ɗan zuhudu a tafarkin Budda na Tibet. Da aka sa shi cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa aka ce ya ji zafin masu wahala kawai, ba tare da fatan alherin da ya saba haɗawa da shi ba, ya bayyana cewa cikin ɗan lokaci abin ya gajiyar da shi matuƙa. A binciken da Singer da Olga Klimecki da abokan aikinsu suka wallafa a 2014, an fara horar da mutane kan jin zafin wani, sai ɓacin ransu ya ƙaru idan suka kalli hotunan masu wahala, kuma sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da jin ciwo suka ƙara motsi. Da aka biyo musu da horon tausayi irin na metta, ɓacin ran ya sauka, wasu sassa dabam masu alaƙa da shaƙuwa da jin daɗi suka motsa. A taƙaice, wanda yake cewa wayyo ni da na ga wannan, da wanda yake cewa me zai sauƙaƙa wa wannan bawan Allah, ba aiki ɗaya zukatansu suke yi ba, kuma na biyun ne yake iya dawowa bakin gado gobe da jibi. A cikin littattafan dokokin 'yan zuhudunsu ma akwai labarin wani ɗan zuhudu da ciwon ciki ya kayar, yana kwance cikin ƙazantarsa babu mai kula da shi. Budda ya sa almajirinsa Ananda ya ɗebo ruwa, shi yana zubawa Ananda yana wankewa, suka ɗaga shi suka kwantar a gado, sannan ya tara sauran ya ce musu wanda yake son ya yi masa hidima, to ya yi jinyar mara lafiya.

Wani gwaji da aka yi a birnin Bostan na Amurka, wanda Paul Condon da David DeSteno da abokansu suka wallafa a 2013, ya ba ni sha'awa domin kamar a harabar asibitinmu aka shirya shi. An koya wa wasu mutane zuzzurfan tunani na mako takwas, wasu kuma aka bar su suna jira. Daga baya aka gayyaci kowa shi kaɗai, ya tarar da kujeru uku a wurin jira, biyu da mutane a kai, ya zauna a ta ukun. Sai ga wata ta shigo tana dogara sanduna, ƙafarta a ɗaure, tana cije baki, ta jingina da bango, mutanen biyun nan kuwa, waɗanda da ma da su aka haɗa baki, suka yi kamar ba su gan ta ba. Rabin waɗanda aka horar sun tashi sun ba ta kujera, a cikin waɗanda ba a horar ba kuwa kimanin kashi 15 cikin ɗari ne suka tashi. Sai dai mutum 39 ne kacal a gwajin, kuma waɗanda aka koya wa natsuwa zalla sun tashi kamar yadda waɗanda aka koya wa tausayi suka tashi, abin da ya sa nake zaton rabin maganin shi ne mutum ya ɗaga kai ya gani. A 2018 kuma wasu masana, Ute Kreplin da Miguel Farias da Inti Brazil, suka tattara bincike fiye da ashirin irin wannan suka auna, suka ga tasirin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma ƙaruwar tausayin ta fi bayyana ne a binciken da malamin da ya koyar da zaman yake cikin marubutansa. Mai tallan magani ba ya cewa maganinsa ba ya ci, wannan ko a Tsohuwar Kasuwa mun san shi.

Ba kuma zan rufe ido ga abin da duk Musulmin da ya ji an ambaci tausayin mabiya Budda zai fara tunawa ba. Ƙasar Miyanma tana cikin wuraren da zuzzurfan tunani ya fi kafuwa a duniya, amma daga watan Agustan 2017 Musulmin Rohinja fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash saboda kisa da ƙone-ƙonen sojoji, bayan shekarun da wasu 'yan zuhudu irin su Wirathu suka yi suna wa'azin ƙiyayya. A ƙasar abokina ma an ƙona shaguna da masallatan Musulmi a yankin Kandi a 2018. Ke nan ana iya haddace waƙar uwa da ɗanta tilo a kuma ware wasu a ce su ba sa cikin dukkan masu rai. Ban faɗi wannan don in yi tutiya ba, domin waɗanda suka kori tsohuwar nan daga ƙauyensu da sunayen Musulmi suke amsawa, kuma mu da muke buɗe kowane aiki da sunan Mai rahama Mai jin ƙai mun san yawan marasa imanin da muke sahu ɗaya da su.

Ni Musulmi ne, a garin Shehu aka haife ni, saboda haka tun farko na san akwai inda zan tsaya. Koyarwar Budda ba ta ginu a kan Mahalicci ba, kuma ɗaya daga hujjojin da suke tausasa zuciya da su ita ce, a cikin haihuwa da mutuwa da sake haihuwa marasa iyaka, da wuya a sami wani mai rai da bai taɓa zama uwarka ko ubanka ba. Wannan ba aƙidata ba ce, kuma ban buƙace ta ba, tunda dukanmu 'ya'yan Adamu ne. Wani abu da na lura da shi kuma shi ne kalmomin da suke maimaitawa fata ne kawai wanda ba a nufi kowa da shi ba, ya zauna lafiya, ya rabu da wahala. Da na gwada faɗin su da Hausa sai na ji jimlar ba ta da kai, domin Bahaushe bai iya yi wa mutum fatan alheri ba tare da ya sa Allah a gaba ba. Allah ya ba ta lafiya, Allah ya yaye mata, Allah ya rufa mata asiri. Harshen da kansa ya mai da abin addu'a.

Duk da haka ban yarda da kaina ba sai da na kai maganar zauren malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, can kusa da Hubbare. Na zayyana masa komai, har inda na samo. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce: "Wa kaka roƙo in ka zamna?" Na ce: "Allah, Allah gafarta Malam." Ya ce: "To, roƙon Allah ga bayin Allah ba baƙon abu na ba. Amma kak ka ɗauko kalmominsu, kak ka kuma ƙaga mishi adadi da lokaci ka ce addini na." Ya tuna mini hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa idan mutum ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan idonsa akwai mala'ikan da yake cewa amin, kai ma kana da irinta. Ya kuma yi mini ɗan gori, cewa Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu sun yi rubutu a kan cututtukan zuciya, hassada da girman kai da riya da fushi, da yadda ake magance su, amma sai da na je Indiya na ji abin ya burge ni. Gorin ya zauna daidai, ban musa ba. Iyakar abin da zan ce shi ne na sha jin a tausaya, a tausaya, tun ina yaro, amma tsarin farawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da ware wa wanda ba a kula da shi gurbinsa na musamman, a wurin mutanen nan na fara ganinsa a shimfiɗe.

Abin da nake yi yanzu ba shi da yawa. Bayan shafa'i da wuturi nakan zauna a kan dardumata kamar minti goma, in roƙa wa kaina lafiya da sauƙin zuciya, in roƙa wa mahaifiyata da malamaina, in ɗauko mutum guda daga cikin waɗanda na gifta a ranar ban dube su ba, in tsaya a kansa har sai fuskarsa ta fito sosai. Wani daren barci yake kwashe ni tun ban wuce kaina ba, wani daren kuma lissafin kuɗin makarantar yara ne yake cinye mintocin. Har yanzu ina yin tsawa, sai dai yanzu ina jin ta idan ta fita, kuma sau da yawa nakan koma in ba da haƙuri kafin in sauka daga aiki.

Mataki na biyar, na abokin gaba, shi ne ya gagare ni. Buddagosa ya ce ana gane shingen da zuciya take sawa tsakanin mutane ya faɗi ne idan mutum yana zaune da amininsa da baƙo da abokin gabansa, 'yan fashi suka zo suka ce a ba su ɗaya su yanka, ya kasa nuna kowa, har da kansa. Shi misali ya kawo, mu kuwa a nan labarin da ake ji ne daga Sabon Birni da Isa da Rabah. Na gwada kawo 'yan bindigar nan a raina, na tuna cewa wasunsu yara ne da ba su wuce sa'ar ɗana ba, amma iyakar abin da bakina yake iya furtawa shi ne Allah ya shirye su ko ya yi mana maganinsu, kuma na san wane rabin jimlar ne zuciyata take nufi. Saboda haka na sauko zuwa abokin gabar da ya yi daidai da ƙarfina, wato maƙwabcina, wanda muka shekara uku ba ma ga maciji saboda kwatar gidansa da take malalowa gindin katangata duk damina.

Littafin ya jero dabaru da yawa na kashe fushi. Ya ce ka tuna wani hali mai kyau na mutumin, ya ce mai fushi kamar wanda ya damƙi garwashi ne don ya jefi wani, hannunsa ne yake fara ƙonewa, har ya ce ka tambayi kanka da me kake fushi a jikinsa, da gashinsa ne ko da farcensa. Idan duk sun ƙi ci, dabara ta ƙarshe ita ce ka ba shi kyauta, abin da mu ma aka ce mana mu riƙa yi wa juna domin mu so juna. Na yi wata biyu ina roƙa masa alheri da baki zuciyata tana kallon katanga. Da Babbar Sallah ta zo, maimakon in aiki yaro da ƙullin nama kamar yadda ake yi don fita kunya, sai na ɗauki cinya guda na je na yi sallama da kaina. Ya fito ya dube ni, ya dubi kwanon, ya ce: "Malam, kai da kanka?" Muka zauna a dakalin ƙofar gidansa, kuma ban san yadda hira ta kai can ba, sai ga shi yana gaya mini cewa ya fi wata uku yana fama da ciwon kai da jiri, yana shan maganin zazzaɓi. Na koma gida na ɗauko abin awo na gwada jininsa, na tarar ya hau sosai, na ce masa ya same ni a asibiti ranar Litinin da safe in haɗa shi da likita. Ya zo, an ɗora shi a kan magani, kuma yanzu duk Juma'a bayan la'asar yakan leƙo in gwada shi. Maganar kwata kuwa ba wanda ya tayar a cikinmu, ga shi damina ta kama, kuma jiya da aka yi ruwa na fita na ga ta sake cin gindin katangar.